Amsa ga ƙanwarmu mai shirin zuwa Blackpool

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na ji saƙonki tun jiya, sai dai ina bakin aiki ne, yanzu na shigo gida. Kin ce kin samu aikin kula da tsofaffi a Blackpool, kina tambayar wane irin gari ne, kuma me ya sa kuɗin hayarsa ya fi na Manchester sauƙi sosai. To madalla, Allah ya sa alheri. Shekarata huɗu a garin, bari in ba ki labarinsa daga tushe, don arhar nan tana da dalili.

Garin yana bakin teku ne, a arewa maso yammacin Ingila, cikin yankin Lancashire. Mutanensa ba su wuce dubu ɗari da arba'in da ɗoriya ba. Da can ƙauye ne, har sunan ma daga wani baƙin ruwa aka samo shi, wanda yake gangarowa daga fadama ya faɗa teku. Jirgin ƙasa ne ya tashe shi, da ya iso a 1846. Lokacin garuruwan da ke kewaye, su Blackburn da Oldham da Bolton, duk masaƙun auduga ne. Kowace shekara akan rufe masaƙun gari guda na mako ɗaya, sai garin ya tashi kacokan, miji da mata da yara, a cika jirgi a zo bakin ruwa a huta. Wani makon kuma wani garin. Kin gane ko? Don hutun talaka ma'aikaci aka gina Blackpool. Kuma abin ya taɓa mu fa: BCGA, kamfanin audugar Turawan Ingila ɗin nan da ya kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa, a Manchester aka kafa shi a 1902, don nema wa masaƙun nan auduga. Duk ranar da na tuna da wannan sai in ji garin ba baƙo ba ne gare ni gaba ɗaya.

Da kuɗin mutanen nan aka yi duk abin da za ki gani. Doguwar hasumiyar ƙarfen da ke tsakiyar gari, an buɗe ta a 1894, tsayinta mita 158, ta Paris suka kwaikwaya. Akwai gadoji uku na katako da ƙarfe da suka miƙa cikin teku don yawo, ta farkon tun 1863. Taragon lantarkin da ke bin bakin ruwa tun 1885 yake aiki, shi nake hawa zuwa aiki, yana kaiwa har Fleetwood. Sai fitilun kaka, waɗanda aka fara a 1879 da fitila takwas kacal. Yanzu wajen mil shida ne na haske, ana kunnawa daga ƙarshen Agusta. Wallahi ranar da na fara kai yarana, ƙaramar ta kasa rufe baki.

To daga wajen 1960 zuwa 1970 da wani abu, jirgin sama ya yi arha, Bature ya gane da kuɗin nan zai je Sifen ya sha rana. Masaƙun ma suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ɗaruruwan gidajen saukar baƙi suka rasa baƙi, sai masu su suka yanka su ɗaki-ɗaki suna ba da haya da arha. Marasa aiki da marasa lafiya da masu fama da shaye-shaye daga wasu garuruwan suka yi ta kwararowa. Yau Blackpool na cikin garuruwan da suka fi talauci a Ingila, kuma maza a nan sun fi na ko'ina a Ingila gajeren kwana. Wannan arhar kike gani a waya.

Ni ta ci ni. Ɗakin da na fara kamawa a hoto na gan shi, fes. Da sanyi ya shigo sai bangon ya fara tsattsafo da ruwa, baƙar fumfuna ta hau bayan gado, yarona ya yi wata biyu yana tari. Mai gidan kuwa ko waya ba ya ɗagawa. Don Allah kada ki biya ko sisi sai kin shiga da ƙafarki, kin ja labule, kin taɓa bangon ƙarƙashin taga, kin tambayi yadda ake ɗumama ɗakin da nawa yake ci.

Amma kada in tsorata ki, ina son garin nan. Tsofaffin da za ki kula da su, da yawansu 'ya'yan masaƙan nan ne. Akwai wata baiwar Allah da nake yi wa wanka, ta haura tamanin da biyar, in na juya kujerarta ta fuskanci teku sai ta fara ba ni labarin yadda uwarta take tara kwabbai shekara guda saboda makon nan ɗaya. Da bazara za ki ga jakuna a kan rairayi, an yi musu ado, yara suna biya su hau. Ki kula da tsuntsayen teku, in kina cin soyayyen kifi da dankali a waje suna fizgewa daga hannu.

Akwai masallaci, ana Juma'a. Cefanen nama na halal mai yawa kuwa Preston muke zuwa, kamar rabin awa a jirgi. A Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi Magariba, sai ki tsara sallolinki da lokacin hutun aiki. Rigar sanyi ki sayi mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, lema ba ta da amfani, iskar teku karya ta take yi.

Ki turo min ranar saukarki ta akwatina, in ina hutu zan tare ki a tashar Blackpool North, ki kwana biyu a wurina mu zaga neman ɗakin tare. Ki gaida Mama.