Tambaya da Amsa: Ina Son Shiga Gudun Fanfalakin Legas, Amma Duk Sanda Na Fara Atisaye Sai In Bari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Katsina ne mazaunin Agege, shekaruna 34, ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12. Na daɗe ina burin shiga gudun fanfalakin Legas. Sau uku ina fara atisaye: nakan fita bayan sallar asuba in yi gudu iya ƙarfina na kamar minti 20, amma ba na wuce mako uku sai ƙwaurina ya kama ciwo, kasala ta rufe ni, in daina. Yanzu saura wata biyar a yi gasar. Shin zan iya shirya wa kilomita 42 ɗin? Kuma yaya zan yi in daina karaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka da kyau, kuma tushen matsalarka yana cikin kalmomi biyu da ka rubuta da hannunka, wato "iya ƙarfina". Mutumin da yake tashi da asuba ya fita gudu, har sau uku yana sake ɗaura ɗamara bayan ya bari, ba za a kira shi malalaci ba. Abin da yake kayar da kai shi ne saurin da kake yi. Ciwon ƙwaurin da kasalar duk daga nan suka fito, domin jiki ba ya marmarin komawa ga abin da yake azabtar da shi kowace safiya, kuma zuciya takan bi bayan jiki.

Ga yadda abin yake. Idan mutum ya fara gudu, zuciyarsa da huhunsa suna sabawa cikin 'yan makonni, sai ya ji numfashinsa ya ƙaru, ya ɗauka cewa dukan jikin ya shirya. Amma ƙashi da jijiyoyin da suke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara, suna bukatar watanni kafin su yi ƙwarin da za su jure dukan ƙasa sau dubbai a fita ɗaya. A mako na uku ne wannan tazara takan bayyana: numfashi yana cewa a ƙara, ƙwauri yana cewa a tsaya. Ka haɗa wannan da titunan Legas na kwalta da kankare, da kuma tsayuwar da kake yi yini guda a kasuwa kana ɗaga buhu, wadda ita ma nauyi ce a kan ƙafafun nan, za ka ga ba abin mamaki ba ne ciwon yake zuwa a lokaci ɗaya kowane karo.

Game da tambayarka ta farko, gaskiyar da zan faɗa maka ita ce kada ka shiga kilomita 42 a bana. Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, kuma gasar Legas, wadda aka fara a shekarar 2016 ake kuma yin ta galibi a watan Fabrairu, tana cikin masu wahala saboda zafi da laimar iska. A yawancin shekarunta ana tashi ne daga babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere da sassafe, a hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, a ƙare a Eko Atlantic. Ɗan Kenya Abraham Kiptum, wanda ya lashe ta farko, ya yi ta cikin awa 2 da minti 16, ya gama tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Mai koyo irinka zai kwashe awa biyar ko shida a kan titi, wato zai yi rabin gudun nasa ne a cikin ranar hantsi. Wata biyar ba su isa su kai mutumin da bai taɓa haɗa wata guda yana gudu ba zuwa wannan matsayi cikin lafiya. Amma masu shirya gasar sukan haɗa da tseren kilomita 10, kuma wannan kam wata biyar sun ishe ka har da ragi. Shi nake so ka sa a gaba, ka bar babban zuwa baɗi in Allah ya kai mu.

Ni kaina na ɗanɗani sakamakon gaggawa a karon farko da na shiga. Na tashi daga Surulere cikin taron jama'a, kiɗa na tashi, ƙafata ba nauyi, na bi sahun waɗanda suka fi ni shiri. A kan gada, inda babu inuwar ko da reshe ɗaya, ruwa hagu da dama yana mayar da hasken rana cikin ido, na fara jin cinyoyina suna ɗaurewa. Kafin in kai kilomita 30 tafiya nake yi ina dafa gwiwa, waɗanda na wuce da safe suna zuwa suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya cikin sassarfarsu ta natsuwa. Tun daga ranar na fahimci abin da ake nufi da sauri ya haifi nawa, kuma a kansa nake gina horon duk wanda ya zo wurina.

Yadda za ka fara shi ne ka huta har sai ƙwaurin ya daina ciwo idan ka danna shi da yatsa. Daga nan ka riƙa fita sau uku a mako, da kwana ɗaya na hutu a tsakani, kana sassarfa ta minti 1 kana tafiya ta minti 2, kana maimaitawa har minti 30 su cika. Kowane mako ka ɗan tsawaita sassarfar ka rage tafiyar, ta yadda cikin mako 8 zuwa 10 za ka iya minti 30 ba tsayawa. Ma'aunin saurin da ya dace ba ya bukatar agogo mai tsada: idan kana gudu kana iya yi wa na kusa da kai magana jimla cikakkiya ba tare da haki ya yanke ta ba, daidai kake, idan sai kalma ɗaiɗai take fita, ka yi sauri da yawa. Za ka ji kamar wasa kake yi, har ka ji kunyar masu kallo, amma ka sani manyan 'yan gudun Kenya da Habasha ma kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yin sa, ragowar ne kawai suke matsa wa kansu. Idan ka kai minti 30 ɗin, sai ka ware rana ɗaya a mako ta zama ta dogon gudu, kana ƙara masa kamar kilomita 1 duk mako har ka kai 10 ko 12, kuma jimillar abin da kake yi a mako kada ƙarinta ya wuce kashi 10 cikin 100 na makon da ya gabata. Duk mako na huɗu ka rage, ka bar jiki ya gyara kansa.

Inda za ka samu fili mai ƙasa ko ciyawa, kamar filin makaranta ko wajen filin wasa na Agege, ka fifita shi a kan kwalta a watannin farko. Idan titi za ka bi, ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske, ka kula da buɗaɗɗun kwatoci, kuma kada ka toshe kunnuwanka, domin motocin danfo da Keke Napep ba sa jiran gari ya waye. Takalmi kuwa, kambas ɗin gudu mai taushin ƙasa wanda ya bar wa babban yatsa sarari kamar faɗin yatsan hannu shi ne abin nema. Na gwanjo yana yi idan ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba.

Sai batun zafi, wanda ya kamata kai mutumin Arewa ka fahimce shi sosai. A Katsina zafin busasshe ne, gumi na fita yana bushewa, kuma bushewar ce take sanyaya jiki. A Legas iska cike take da laima, musamman da safe, saboda haka gumin yana zuba ne kawai yana jiƙa riga ba tare da ya sanyaya ka yadda ya kamata ba. Wannan ne ya sa gudun da zai yi maka sauƙi a gida lokacin hunturu yake zama jan aiki a nan. Jiki yana sabawa da motsa jiki cikin zafi a kwana 10 zuwa 14, amma sabon ba ya ɗauke bukatar ruwa. Ka auna nauyinka kafin ka fita da bayan ka dawo. Duk kilo 1 da ya ragu, kimanin lita 1 ce ta ruwa ta fita, sai ka mayar da ita sannu a hankali cikin yini. Idan gudun ya wuce awa ɗaya, ruwa zalla bai wadatar ba, domin gishirin jiki ma yana fita da gumi, kuma ɗirkar ruwa fiye da kima yana iya tsinka gishirin jini har ya zama haɗari. Ruwan gishiri da sukari na leda da ake sayarwa a kemis yana wannan aiki, dabino biyu ko uku a aljihu kuma suna mayar da ƙarfi. Dalilin da ya sa masu fanfalaki da yawa suke durƙushewa wajen kilomita 30 shi ne ajiyar sukarin da ke tsoka da hanta ba ta wuce gudun awa ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka koyon ci da sha ana cikin gudu wani ɓangare ne na atisaye.

Kafin ka fara, ka je asibiti a auna maka hawan jini, kuma ka san rukunin jininka na sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da ciwon ba, kuma mai AS yana iya gudu sarai, sai dai dole ya fi kowa kiyaye zafi da ƙishirwa da matsa wa kai farat ɗaya. Kada ka taɓa fita da zazzaɓi a jikinka. Ina kuma roƙonka da babbar murya ka nisanci shan maganin kashe ciwo domin ka samu damar gudu, ko Tramadol ko Diclofenac ko Ibuprofen: suna ɓoye gargaɗin da jiki yake yi maka, kuma na biyun da na ukun suna iya cutar da ƙoda idan suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa. Ciwon ƙirji, jiri, ko ciwon ƙwauri da ya tattaru a wuri ɗaya yana tsananta, duk dalilai ne na tsayawa a ga likita.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda na fi ba wa muhimmanci. Rabin kasalar za ta tafi da kanta ranar da gudun ya daina zama azaba, domin wanda ya dawo gida da sauran ƙarfi a jikinsa yana ɗokin fita ta gaba. Ragowar rabin kuma ba a jiran karsashi ya zo ya kore ta, tsari ake yi mata. Kana da abin da mutane da yawa ba su da shi, wato ka riga ka saba tashi da asuba. Ka ajiye kambas da safa da wandonka a bakin ƙofa tun da dare, ta yadda da ka dawo daga masallaci ba za ka kai ga shimfiɗa ba, domin wanda ya ce bari ya ɗan kishingiɗa na minti biyar ya riga ya rasa gudun ranar. Ranar da ka ji ba ka so, ka yi wa kanka alkawarin minti 10 kawai, idan sun cika kana jin nauyin jiki ka juyo gida ba tare da zargin kai ba. A abin da na gani, mafi yawan lokuta mutum ba ya juyowa.

Ka nemi abokin fita, ko da mutum ɗaya ne daga cikin 'yan sahun asuba ko abokan kasuwa. Na horar da wasu mutum biyu masu sana'ar nama da suke haɗuwa a gindin wata fitilar titi kowace Talata da Alhamis da Lahadi. Ɗayansu ya gaya mini cewa sau da yawa abin da yake fito da shi daga ɗaki shi ne tunanin ɗan'uwansa yana tsaye shi kaɗai cikin duhu yana duba waya, kuma kunyar a ce ya saɓa alkawari ta fi masa kowace irin nasiha tasiri. Idan ka samu sarari ranar Asabar, ka je gadar Lekki da Ikoyi ko harabar filin wasa na Surulere da sassafe, ka ga ɗaruruwan mutane, tsofaffi da masu ƙiba da mata, kowa yana nasa gwargwado. Ganin haka yana cire wa mutum jin cewa shi kaɗai ne yake wani baƙon abu. Na san a unguwa za a samu mai tambayarka ko wani abu ne ya biyo ka, tunda ba mu saba ganin magidanci yana gudu haka kawai ba. Ka amsa da fara'a ka wuce, ka sa dogon wando mara nauyi idan gajere yana sa ka jin nauyin jama'a. Bayan wata biyu masu tambayar ne za su fara neman ka tashe su.

Ka sayi ƙaramin littafi irin na lissafin kasuwa, kana rubuta ranar da ka fita da mintunan da ka yi da yadda ka ji. Kai ɗan kasuwa ne, ka san yadda riba take taruwa da kaɗan-kaɗan ba a ganinta sai an buɗe littafi. Ranar da zuciya ta ce maka ba ka ci gaba, sai ka duba shafin farko inda minti 1 yake sa ka haki. Daren da motocin kaya suka iso daga Arewa ka kwana kana sauke buhuna, ka bar gudun safiyar ka yi barci, wannan ba karaya ba ce. Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina ita ce fashin rana ɗaya ba laifi, amma kada a jera biyu ba tare da ciwo ko rashin lafiya ba.

Akwai kuma azumi, wanda yake matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan kuma yana faɗowa kusa da lokacin gasar, don haka ka duba kalanda tun yanzu. A watan Ramadan ka bar gudun safe, tunda ba damar mayar da ruwa sai magariba. Ka koma sassarfa ta minti 20 zuwa 30 bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan asham, sau biyu ko uku a mako, don riƙe abin da ka gina kawai.

Idan ka gama kilomita 10 lafiya, sai ka ci gaba har ka saba da kilomita 30 zuwa 40 a mako na tsawon watanni, ka gwada rabin fanfalaki mai kilomita 21, sannan mu shiga shiri na musamman na mako 16 zuwa 20, wanda dogon gudunsa zai kai kilomita 30 ko 32 kafin a sassauta a mako uku na ƙarshe. A yanzu dai ka je a auna jinin, ka bar ƙwaurin ya warke, ka fara da minti 1 na sassarfa da minti 2 na tafiya. Bayan mako takwas ka sake rubuto mini abin da ke cikin littafin naka, in tsara maka sauran makonnin har zuwa Fabrairu. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a kasuwa.