Fawa bank mai 50,000mAh da ba ya cika waya sau uku

Tambaya daga Mabera: Malam, na sayi fawa bank an rubuta 50,000mAh a jikinsa, batirin wayata kuma 5,000mAh ne. A lissafina caji goma zai ba ni, amma sau biyu da ɗan ɗoriya ya mutu. Mene ne matsalar?

Ɗan'uwa, wannan ita ce wasiƙa ta nawa a kan mAh, na daina ƙirgawa. Matsala biyu ce, ɗaya a lissafinka, ɗaya a hannun wanda ya sayar maka.

Bari mu fara da taka. Shi mAh awo ne na yawan cajin lantarki, ba na ƙarfin aikin da batir zai iya yi ba. Kamar mudu ne a kasuwa: mudun gero da mudun gyaɗa mai ɓawo duk mudu ɗaya ne, amma ɗora su a sikeli ka gani. Sikelin batir shi ne Wh, kuma ana samunsa ne idan ka ninka mAh da bolt ɗin batirin ka raba da 1,000. Batirin da ke cikin fawa bank yawanci bolt 3.7 ne, don haka, a misali, fawa bank mai 20,000mAh na gaskiya ya zama 74Wh. Wayarka mai 5,000mAh kuwa tana kusa da 19Wh. A takarda caji kusan huɗu ke nan. To amma wutar ba haka take tsallakawa ba. Sai fawa bank ya ɗaga ta zuwa bolt 5 ko sama kafin ta bi kebul, ita kuma wayar ta sake sauke ta daidai batirinta, kowane mataki wani kaso na tafiya a zafi. Wannan ɗumin da kake ji a tafin hannunka cajinka ne yake tsiyayewa. Idan ka samu uku, ka gode wa Allah.

Yanzu naka mai 50,000. Idan gaskiya ne, 185Wh ke nan, kuma batirin litiyam mai ɗaukar haka nauyinsa ya haura rabin kilo nesa ba kusa ba, kafin a saka kwanso da sauran tarkace. Idan kana jefa shi a aljihun gaba na riga ba ka ji ya rinjaye ka ba, to fenti aka sayar maka. Buga sifili a jikin roba ba ya cin kuɗi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, mutumin da ba zai yarda a auna masa shinkafa ba sai ya leƙa gindin mudu ko an bubbuge shi, shi ne zai ga lamba mai sifili huɗu ya zaro kuɗi. Tun 1960 duniya ta daidaita a kan tsarin awo na SI, wanda a yau yake da tushe bakwai, ciki har da mita, kilogiram, sakan da amfiya, don kada kowa ya zo da nasa mudun. Masana ma da suka yi sake sun sha kashi: a 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafi da awon fam irin na Amurka, ɗayan yana zaton niyutan ne, awon ƙarfi na tsarin SI. Su da injiniyoyinsu ke nan, balle kai da mai teburi a bakin titi.

Ni ɗabi'ata, ba na sayen fawa bank sai na juya bayansa na nemi Wh a ƙananan rubutu, sannan na jinjina shi a hannu. Babu Wh, babu ciniki. Maniyyata kuma su lura: ƙa'idar jiragen sama da Wh take magana, har zuwa 100Wh a jakar hannu, sama da 160Wh kuwa ba ya shiga jirgi sam.

Tambaya daga Runjin Sambo: Kamfanin intanet ya ce gudun 20Mbps zai ba ni, amma in ina sauke fayil 2.5 kawai nake gani. An cuce ni?

Ba a cuce ka ba, harafi ne ba ka duba ba. Kamfanin Mbps ya ce, kai kuma MB kake gani wajen sauke fayil. Ƙaramin b bit ne, babban B bayit ne, bit 8 ke yin bayit 1. Raba 20 da 8, ga 2.5 ɗinka. Kai ma ka yi sa'a da kake samun cikakken abin da aka yi maka alkawari.

Wata ɗaliba daga Gawon Nama: Filash ɗina 64GB ne, kwamfuta ta nuna 59.6GB tun yana sabo.

Lafiyarsa ƙalau, 'yar'uwa. Masu ƙerawa suna ƙirga giga da 1,000 sau 1,000 sau 1,000, Windows kuma da 1,024. Tun 1998 aka ware wa na 1,024 sunansa, GiB, amma Windows har yau GB yake rubutawa. Haka 1TB zai nuna miki 931GB. Kada ki je ki ɗaga wa mai shago murya.

Tambaya daga Arkilla: An ce fuskar wayata inci 6.7 ce, na sa tef na auna tsawonta bai kai ba.

Daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, a karkace. Inci 1 santimita 2.54 ne, ka nemi kimanin 17.

Tambaya daga Tudun Wada: Wata manhaja ta nuna zafin batirina 104, na tsorata na kashe wayar.

Da a ma'aunin Salshiyos ne, da ba ka samu abin rubuto min wasiƙa da shi ba. Faranhait ne, wato 40°C, ka shiga saitin manhajar ka canza. Amma 40 ɗin ma ba abin wasa ba ne. Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin 0 da 35°C, mu kuma a Sakkwato watan Afrilu iskar gari kanta tana haura 40. Cire mata riga in tana caji, ka daina barin ta a ƙarƙashin gilashin mota da azahar.