Bishop ya ce mu kawo shawara, da gaske za a ji mu?

Tambaya: Ranar Lahadi Fada ya karanta mana wasiƙar bishop, wai za a yi babban taro a tsara inda dayosis ɗinmu, wato yankin cocin da bishop ke shugabanta, zai dosa nan gaba, kowa ya kawo shawara. Har takardar tambayoyi aka raba mana. Ni a sanina bishop ne da wuƙa da nama. To me zai sa mu ɓata bakinmu?

Amsa: 'Yar'uwa, rabin maganarki gaskiya ne. Kundin dokokin Cocin Katolika da Fafaroma John Paul na biyu ya fitar a 1983 bai ɓoye ba: doka ta 466 ta ce a babban taron dayosis, wanda ake kira sinod, bishop kaɗai ke kafa doka. Ƙuri'ar sauran mahalarta, firist ne ko sista ko ke, ta shawara ce.

Sai dai shawara a wannan kundi tana da haƙora. Doka ta 127 ta ce duk inda aka wajabta wa shugaba jin shawara, in ya tsallake, abin da ya zartar bai inganta ba. Bishop ba zai buɗe sabon farish (yankin cocin da firist ke kula da shi), ko ya rufe, ko ya yi masa babban sauyi ba sai ya saurari majalisar firistoci, wadda kusan rabin membobinta firistoci ne ke zaɓensu da kansu. Yana iya saurare ya bi ra'ayinsa, amma ba ya iya ƙin tambaya.

A wajen dukiya abin ya fi haka tsauri, kuma nan ne 'yan coci, wato mabiya irinki, suka fi ƙarfi ba tare da sun sani ba. Dole kowane dayosis ya sami majalisar kuɗi mai aƙalla mutum 3 da suka san harkar kuɗi da dokar ƙasa, ba sai firistoci ba, kuma an hana saka dangin bishop na kusa. Ita ke tsara kasafin shekara. In za a sayar da babbar kadara, shawararta ba ta isa ba, sai ta yarda, haka ma ƙaramar majalisar firistoci masu ba bishop shawara, mutum 6 zuwa 12. In suka ce a'a, magana ta tsaya.

Akwai kuma majalisar kiwon garke, inda firistoci da sistoci da musamman 'yan coci ke zama tare. Babban Taron Batikan na Biyu, na 1962 zuwa 1965, shi ya ƙarfafa a kafa ta, amma kundin bai tilasta ba. Shi ya sa wani dayosis tasa na aiki, wani kuwa suna ce kawai a takarda. Taron da Fafaroma Francis ya buɗe a Oktoban 2021 aka rufe a Oktoban 2024 ya nemi a mai da irin waɗannan majalisu wajibi.

Takardar da ke hannunki ita ce matakin farko. Galibi za a zauna rukuni-rukuni a farish. Salon da ya bazu tun 2021 shi ne kowa ya yi magana bi da bi, ba mai katse shi, a yi shiru na ɗan lokaci, sannan a sake zagayowa kowa ya faɗi abin da ya taɓa shi a bakin wani, ba nasa ba. Tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga hannu a taro ba, a nan ake jin muryarta. Daga nan a taƙaita, a aika wa kwamitin shiri, ya haɗa kundin da wakilai za su tattauna a zauren sinod, bishop ya sa hannu a kan abin da ya amince.

A ganina, inda maganar mutane ke ɓacewa shi ne wajen taƙaitawa, ba a teburin bishop ba. Magana mai zafi takan fito daga hannun marubuci a sanyaye. Saboda haka ki tambayi Fada wa zai rubuta rahoton farish ɗinku, ki nemi a karanta muku shi kafin a aika. Ba rashin kunya ba ne, doka ta 212 ta ba mabiya 'yancin faɗa wa makiyayansu ra'ayinsu, wani lokaci ma ta ɗora musu shi a matsayin nauyi.

Kuma ki rubuta abin da hannu zai iya kamawa. "A kula da matasa" kowa zai gyaɗa kai ya wuce. Amma in kika ce katikis (malamin koyar da addini) ɗaya ne ke riƙe da coci biyar, a horar da ƙarin biyu cikin shekara uku, to kin ba kwamiti abin da sai ya amsa, kin kuma ba majalisar kuɗi abin da za ta nema wa gurbi a kasafi.