Ba Na Shan Zaƙi, Ciwon Suga Zai Iya Kama Ni?

Hajiya, kin ce mahaifiyarki na da ciwon suga, kin haura shekara 40, kin yi jiki bayan haihuwa, amma ba kya shan zaƙi, ko ke ma zai iya kama ki? E, zai iya. Gado na da ƙarfi a wannan ciwo, sai dai teɓa da yawan zama ne ke ingiza shi. Kin san wunin macen Kano: tsakar gida, kicin, in fita ce adaidaita har ƙofar gidan biki. Kuma farar shinkafa, taliya da burodi duk suga suke komawa a jini, lemon kwalba ƙari ne kawai. Ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe kuwa, ki guje su, wasunsu na tayar da suga sosai.

Idan kin taɓa yin suga da juna biyu, ko kin haifi jaririn da ya wuce kilo 4, haɗarin ya ƙaru. Ki je asibiti da safe kafin ki karya a auna miki jini. In awon sugan ya kai 126 mg/dL, za a maimaita don tabbatarwa. Kada ki jira sai ƙishirwa da yawan fitsari sun dame ki. Ki fara tattaki na minti 30, kwana 5 a mako.