Amsa: tafiya da kwale-kwale daga Yawuri zuwa tafkin Kainji

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ku shida za ku yi wannan tafiya lafiya ba tare da kun ɓata wurin ba. Ku fara da neman matuƙi ɗan yankin, cikin Sarkawa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututturan suna nan a ƙasa, su ne ke fasa cikin jirgi, musamman idan ruwa ya ja baya. Baƙo ba zai gane wurinsu ba.

Bayan an gama lodi, a bar aƙalla taƙi biyu tsakanin ruwa da bakin jirgi, kaya masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya. Kowa ya sa rigar kariya ya ɗaure ta tun daga gaɓa, don idan jirgi ya kife ba wanda ke samun damar nemanta. Ku riƙe filafili biyu da abin kwashe ruwa, saboda kainuwa ko tsohuwar komar kamun kifi kan naɗe farfela inji ya mutu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta Najeriya (NIWA) ta hana tafiyar dare, ku sauka kafin magariba.

Dorina ce ta fi ba ni tsoro. Kada ku shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, can take gudu in ta firgita, mai ɗa kuwa ba ta jira. Ku riƙa buga gefen jirgi ta ji zuwanku.

Leda da robar ruwa ku dawo da su gida. Fetur a zuba shi a tudu da mazurari, ba-haya kuma a haƙa rami kamar taku 70 daga gaɓa a binne.