Bakteriya ba dabba ba ce, ba kuma tsiro ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko bakteriya dabba ce ko tsiro. Ko ɗaya. A da cikin tsirrai ake cusa ta, amma a 1990 masanin kimiyya Carl Woese da abokan aikinsa suka kasa masu rai gida uku: bakteriya, arkiya (wasu ƙananan halittu masu kama da bakteriya), sai gidan da ya haɗa mu da tsirrai da naman kaza.

Ita bakteriya, ƙwayar halitta ɗaya tak gare ta, sinadarin gadonta kuma a sake yake cikinta, babu jakar da ta killace shi. Hayayyafa kuwa, rabewa biyu kawai take yi. Wata bakteriya da ake kira E. coli, in ta sami ɗumi da abinci, kamar minti 20 ya ishe ta.

Don Allah kada ka yi musu kuɗin goro da cuta. Da yawansu a hanjinmu suke, suna taya mu narkar da abinci.