Mai kulkin besbol shi ke zaɓen inda ƙwallo za ta?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ji saƙonka tun ɗazu, fasinja ne a motar shi ya sa ban amsa ba. Ka ce wai mai bugu a besbol yana zaɓen inda ƙwallo za ta faɗa ne, ko sa'a ce kawai. Ai na gane inda ka dosa, so kake ka ce mu nan Amurka caca muke zama kallo. To saurara.

Tsakanin mai jifa da mai kulki ƙafa 60 ce da inci 6, mita 18 da ɗoriya. Ƙwallon kuma tana tahowa da gudun kilomita 150 a awa, wani ma ya wuce haka. Ko rabin daƙiƙa ba ta yi ta iso. Kulkin mulmulalle, ƙwallon mulmulalliya. Ka ga ba fanareti ba ce da za ka ajiye ka zaɓi kusurwa. Wanda ya ci uku cikin goma ma gwani ake ce masa.

Amma gefe, wannan kam ana iya zaɓa, kuma duk maganar lokaci ce. Badame in ya tare ta tun tana gabansa, hagu za ta yi. In ya ɗan jira ta shigo, sai dama. Bahago kuma akasin haka. Tony Gwynn na San Diego ta hagu yake riƙe kulki, amma shekara da shekaru yana zura ta tsakanin mutum biyun da ke tsaron gefen hagu. Kowa ya san nan zai bi, an kasa toshewa. Wannan sa'a ce?

To amma ba kowa ba. Ted Williams na Boston fa, duk gwanintarsa, dama ƙwallonsa ke yi, har a 1946 kocin Cleveland, Lou Boudreau, ya kwashe yaransa ya jibge su can gefen, aka bar hagu kusan wayam. Bai iya juya ta ba. A'a, bari in gyara, shi ƙi ya yi, don ƙarfin bugunsa a can yake. Dabarar nan ta jibge masu tsaro gefe ɗaya ta yi yawa daga baya har aka hana ta a 2023, aka ce dole cikin masu tsaro huɗu na kusa biyu su tsaya kowane gefe. Da juya ta wasa ne, me zai kawo doka? Akwai kuma labarin Babe Ruth, shahararren mai bugu na New York, a 1932, wai ya nuna wuri da hannu sannan ya aika ta can, to wannan har yau musu ake, bar shi.

Kuma tunda an zo nan, wanda ya turo bidiyona bara yana cikin gurup ɗin nan, ya san kansa. Wurin gwaji aka kai ni, inji ke jefowa, wai ma na koyo ne. Ashirin ya jefo, ɗaya na taɓa, ita ma ta dawo ta daki babban yatsana, kwana uku da silifa nake tuƙi. Kuka yi ta dariya har da su Kawu. Shi mai ɗaukar bidiyon da aka miƙa masa kulkin cewa ya yi kafaɗarsa na ciwo. Wannan ɓangaren bai turo muku ba. Bari, ga wani fasinjan.